Kasuwa da biro: ladabin wasiƙar intanet a bakin iyaka

A wannan mako filin namu zai ya da zango a Gaya, can kudancin jihar Doso, inda Nijar da Benin da Najeriya suka haɗa kafaɗa. Wanda bai san garin ba yakan zaci arzikinsa ya tsaya ga noman rake da shinkafa da kamun kifi. Wanda ya san shi kuwa ya san Gaya garin takarda ne. Dila guda ta gwanjo ba ta shiga magaza, buhun shinkafa ba ya sauka daga kamyo, sai takardu sun riga su isowa: faktir ta mai sayarwa, takardar lodin jirgin ruwa, takardar bin sawun kaya ta hukumar CNUT, da sanarwar da ɗan taransit zai shigar wa ƴan duwan cikin na'urarsu ta SYDONIA. In takarda guda ta yi latti, mota ta kwana, direba ya cinye guzuri, kuɗin ajiya ya hau a tashar jirgin ruwa, ribar da aka ƙirga a zuci ta zube a hanya. Da yawa daga cikin waɗannan takardu a yau ta wasiƙar intanet suke tafiya, wato abin da ƴan boko ke ce ma imel. Saboda haka yadda attajiri ko ma'aikaci ke riƙon akwatin wasiƙunsa ya wuce zancen gayu, ya zama zancen kuɗi da mutunci.

Isar da saƙo dai tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. A ƙarni na 19, fataken goro masu tasowa daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja sukan ƙetare kogin Kwara a wajejen Gaya da Illo, madugu kuma yakan ɗauki wasiƙar wani mai gida zuwa ga wani, ta yi watanni cikin gafaka kafin a buɗe ta. Bayan haka aka yi zamanin gidan waya, aka yi na teleks da faks. A 1971 wani injiniya ɗan Amurka, Ray Tomlinson, ya aika wasiƙa daga wata kwamfuta zuwa wata, shi ne kuma ya zaɓi alamar nan ta @ da muke gani a tsakiyar kowane adireshi. Mu nan Nijar sai a ƙarshen shekarun 1990 abin ya fara yaɗuwa, lokacin adireshin nan masu ƙarewa da intnet.ne na kamfanin SONITEL, wanda daga baya aka haɗe shi da SahelCom aka sami Niger Telecom. Wani abin lura shi ne, ɗaya daga cikin wayoyin ƙarƙashin ƙasa da ke kawo mana intanet ta Gaya ta bi, daga Yamai zuwa Doso, ta shiga Benin har bakin teku. Shi ya sa a watan Yuli na 2009, da wayar teku mai suna SAT-3 ta sami matsala a wajen Kotonu, Nijar ta wayi gari a katse. Haka kuma ranar 14 ga Maris na 2024, da wasu wayoyin teku suka tsinke a gaɓar Kodebuwa, yammacin Afirka duka ya ji a jikinsa.

Abin da ya ƙara wa wasiƙar nauyi shi ne rufewar iyakoki. Najeriya ta rufe nata daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya tsayar da motoci a gadar da ta haɗa Gaya da Malanbil. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, Benin ta buɗe nata gefen, amma hukumomin Yamai suka bar namu a rufe bisa dalilan tsaro, kaya masu yawa suka koma bin hanyar Lome da Burkina Faso. Dā Alhaji yakan miƙa wa direba ambulan da hannunsa, ko ya aiki yaro Malanbil ya dawo kafin azahar. Da hanya ta yi tsawo, sai ya kasance mai kaya yana Gaya, ɗan taransit yana Lome, banki yana Yamai, mai sayarwa yana Dubai ko Sin, babu abin da ya tara su wuri guda sai wasiƙa.

Baki yakan manta, rubutu ba ya mantuwa

Wani zai ce: ina ruwana da imel, ga WhatsApp a aljihuna, in danna in yi magana da bakina? Gaskiya ne, saƙon murya ya sauƙaƙa wa wanda bai yi lakkwal ba, kuma don tambayar inda mota ta kwana babu kamarsa. Amma a gwada neman farashin da aka shirya wata takwas da suka wuce cikin saƙonnin murya ɗari huɗu, ko kuwa a ce salular ta faɗa ruwa wajen shiga jirgin fito. Wasiƙar intanet tana ɗauke da rana da sa'a da sunan mai aikowa, ana binciko ta da kalma guda, kuma tana nan ko salula ta ɓace.

Shari'a ma ta san da ita. Dokar kasuwanci ta ƙungiyar OHADA, wadda aka sabunta a Lome ranar 15 ga Disamba 2010, kuma take aiki a Nijar da Benin da Togo, ta yarda a aya ta 5 cewa ana kafa hujja a kan ɗan kasuwa ta kowace hanya, har da ta na'ura. Nijar ta yi tata dokar a kan ma'amala ta na'ura a 2019, Najeriya kuma dokar shaidarta ta 2011 ta buɗe wa irin waɗannan takardu ƙofar kotu. Tun kafin duk wannan, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. To, ƙa'idar masu hankali ita ce: a yi ciniki da baki yadda aka saba, a yi raha, a yi ragi, amma da an ajiye waya a bi zancen da layi uku a rubuce, a ce ga abin da muka tsaya a kansa, ga kuɗi, ga rana. Wannan bai nuna rashin yarda ba. Kariya ce ga zumunci, don sau da yawa mantuwa ce ke raba aminai, ba ha'inci ba.

Kai ke da akwati, ba akwati ke da kai ba

Cutar farko ta mai yawan aiki ita ce leƙe. Salula ta yi ƙara, ya bar lissafin da ke gabansa. Ta sake yi, ya bar baƙon da ke zaune. A 2015 masu bincike biyu na jami'ar British Columbia a Kanada, Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn, sun wallafa gwajin da suka yi da mutum 124: mako guda suna duba wasiƙu sau uku kawai a yini, mako guda kuma ba iyaka. A makon sau ukun mutanen sun fi samun kwanciyar hankali. Mu da Allah ya yanka mana yini da lokutan salla, abin ya fi mana sauƙi: a duba da safe in an buɗe biro ko magaza, a duba bayan azahar, a duba kafin a tashi. Abin da ba ya iya jiran sa'a uku, wannan na kiran waya ne.

In an buɗe akwatin kuma, kowace wasiƙa a yanke mata hukunci nan take. Wadda amsarta ba ta wuce minti biyu ba, a amsa. Wadda ta shafi wani, a tura masa tare da faɗin abin da ake so ya yi. Wadda ke son nazari, a sa mata alama da ranar da za a dawo kanta. Saura a ajiye ko a share. Mai karanta wasiƙa sau biyar bai amsa ba, ya biya kuɗin aiki guda sau biyar.

Na'urar kanta tana da hannuwan taimako da mutane da yawa ba su taɓa taɓawa ba. Gmail, Yahoo da Outlook duka suna barin mutum ya buɗe dosiye, ya kuma umurci na'ura ta riƙa jefa wasiƙun banki a nan, na ɗan taransit a can, tallace-tallace kuwa waje guda. Ɗan taransit ya yi dosiye ga kowane attajiri, ma'aikaci ya yi ga kowane aiki. Amsar da ake maimaitawa kullum, kamar jerin takardun da ake buƙata kafin a fitar da mota, a rubuta ta sau guda a ajiye, a riƙa ɗauko ta. In wuta ta ɗauke ko intanet ta yi rauni, ana iya rubuta wasiƙa a salula, ta jira, ta tafi da kanta in layi ya dawo. A kuma tuna da agogo: mu da Kotonu da Legas sa'armu guda, Lome da Wagadugu suna bayanmu da sa'a 1, Dubai na gabanmu da sa'a 3, Sin da sa'a 7. Wasiƙar da aka aika Gwangzu bayan azahar sai gobe za a gan ta, don haka ta Sin ita ce ta farko da safe.

Kan magana, gaisuwa da lissafi

Layin nan na sama da ake ce ma «objet» da faransanci shi ne fuskar wasiƙa. Mai rubuta «salam» ko «gaggawa» kawai a wurin, ko mai barinsa fayau, kamar mai aika buhu ne ba suna. A sa abin da ake magana a kai, da lambarsa, da abin da ake so: lambar kwantena kaza, ana jiran faktir kafin Alhamis. Wasiƙa guda, magana guda. In an cusa zancen kwantena da na bashin bara da na ɗaurin aure wuri guda, za a amsa na auren a manta da sauran.

Sai gaisuwa. Littattafan Turawa suna cewa a tafi kai tsaye ga magana. Wannan shawara ba za mu haɗiye ta duka ba, don a ƙasar Hausa da Dendi wanda ya faɗo maka da buƙata ba sallama ya riga ya rage wa buƙatarsa daraja. Amma gaisuwar zaure daban, ta takarda daban. Magabatanmu masu rubuta wasiƙun sarakuna sun riga sun warware wannan: sallama, girmamawa, sannan «bayan haka», sai magana. Layi guda ya isa: «Alhaji, barka da war haka, da fatan iyali suna lafiya.» Ga na gaba da kai a aiki: «Ranka ya daɗe», ko muƙaminsa cikakke in da faransanci ne. Daga nan buƙata ta zo a layi na biyu, bayani ya biyo baya, don mai karatu a salula, a tsaye bakin magaza, ba lalle ya kai ƙarshe ba. A ƙasa kuma a sa suna, aiki da lambar waya. Rubutu da manyan baƙaƙe zalla ihu ne. Tun a 1995 takardar ladubban intanet da ake kira RFC 1855 ta yi wannan gargaɗi.

Wajen lissafi ne bakin iyaka ya fi ko'ina haɗari. A Gaya jikka guda sefa 1.000 ce, dala ɗari kuma sefa 500. A Kamba, nan kusa cikin jihar Kebbi, in dattijo ya ce jaka guda, naira 200 yake nufi. Mai faransanci yana raba dubbai da ɗigo, ya sa waƙafi kafin ɓarin lamba. Mai turancin Ingila yana yin akasin haka. Kudin Turai yuro guda sefa 655,957 ne a rubutunmu, wato ɗari shida da hamsin da biyar da ƴan kai, amma ɗan Legas zai karanta shi dubu ɗari shida da wani abu. Haka kwanan wata: 03/04 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a wurin Ba'amurke 4 ga Maris. Maganin abin shi ne a rubuta kuɗi da lamba, a maimaita da kalmomi, a faɗi sunan kuɗin, sefa ne ko naira ko dalar Amurka, a kuma rubuta sunan wata da baƙaƙe. Kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya mai da hausa harshen ƙasa, faransanci da ingilishi kuma harsunan aiki. To, a rubuta wa kowa da harshen da ya fi ji, wanda kuma ya sa na'ura ta fassara masa, ya sami mai jin harshen ya duba lambobi da sharuɗɗa kafin ya aika.

Takardar da za a liƙa ma tana da nata ladabi. Hoton faktir da aka ɗauka a karkace cikin duhun magaza, hatimi bai fito ba, wahala ce ga mai karɓa. Salula tana iya mai da takarda PDF mai tsabta, shafuka duka a haɗe. A ba ta suna mai ma'ana, a kuma tuna Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce mega 25 a wasiƙa guda, mai karɓa kuma da kuɗinsa yake sauke ta.

Wa za a sa a kwafi?

A biro, gidan nan na «Cc» ya haddasa gaba fiye da yadda ake zato. Wanda ake so ya yi aiki shi ake sa wa a layin farko. Na kwafi sanarwa kawai ake yi masa. In an jera mutum goma a layin farko, kowa zai zaci ɗayan ne zai yi, a bar jaki ba mai kora. Ƙaramin ma'aikaci da ya rubuta wa abokin aikinsa tuni, ya sa darakta a kwafi tun karon farko, ƙara ya kai, ko da bai nufa ba. Wanda kuma ya tsallake shugabansa ya rubuta wa Doso ko Yamai kai tsaye, ya sani sauƙin na'ura bai soke bin matakan aiki ba. Ga ɗan kasuwa kuwa, in zai aika farashi ga masu saye da yawa, ya sa su a «Cci», inda ba mai ganin adireshin wani. In ba haka ba ya raba wa abokan hamayyarsa jerin abokan cinikinsa kyauta.

Amsa ita ma hakki ce. Ba kullum ake da abin da aka tambaya a hannu ba, amma «na gani, zan ba ka amsa ranar Litinin» ba ya cin minti guda, yana kuma hana mutum kwana cikin zullumi ko ya hau mota ya zo tambaya. Mai tafiya aikin Hajji ko hutu ya sa amsar nan mai fita da kanta, ya faɗi ranar dawowa da wanda za a nema a bayansa. Shugaba kuma ya ji tausayin na ƙasa da shi: Faransa tun 1 ga Janairu 2017 ta sa hakkin kashe na'ura bayan tashi daga aiki cikin dokar ƙwadagonta. Ko ba doka, wanda tunani ya zo masa da tsakar dare yana iya rubutawa ya umurci na'ura ta aika da safe. Wasiƙar fushi kuwa a bar ta ta kwana. Magana zarar bunu ce, ta rubuce kuma ta fi muni, don ana tura ta gaba. Lokacin da Gmail ke ba mutum ya janye abin da ya aika ba ya wuce daƙiƙa 30. A kuma tuna akwai dokar 3 ga Yuli 2019 a kan laifukan intanet, wadda ta tanadi hukunci a kan zagi da ɓata suna ta na'ura.

Ɓarawon da ba ya fasa ƙofa

Babbar asara ba daga latti take zuwa ba, daga zamba take zuwa. Ɓarawo yakan shiga akwatin mai sayarwa ko na mai saye, ya yi shiru yana karanta cinikin har ranar biya ta matso. Sai ya aiko da wasiƙa daga adireshi mai kama da na gaske, harafi guda kawai ya sauya, ya ce asusunmu na banki ya canza, a tura kuɗin nan, kuma a yi sauri. Hukumar FBI ta Amurka ta ƙirga asarar kusan dala biliyan 2,9 ta wannan hanya cikin ƙarar da aka kai mata a 2023 kaɗai. Kada wani ya ce sai sakarai ake kamawa: tsakanin 2013 da 2015 wani ɗan ƙasar Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga Google da Facebook da faktir na ƙarya, aka ɗaure shi shekara 5 a 2019. In an ci waɗannan, ina ga mai magaza guda? Ƙa'ida ɗaya ce, ba ta da togiya: duk wasiƙar da ta ce lambar asusu ta sauya, kada a biya sai an kira mutumin a tsohuwar lambar da aka san shi da ita, ba wadda ke cikin wasiƙar ba, an ji muryarsa.

A nan ne ya kamata attajiranmu su dubi wani abu da idon basira. Da yawa ba su karanta boko, yaron shago ko mai shagon intanet ne ya buɗe masu adireshi, shi ke riƙe da kalmar sirri. Alhaji ba ya ba kowa mabuɗin magaza, amma ya bar mabuɗin dukan cinikinsa a hannun yaron da gobe za su iya ɓatawa. Ba laifi ba ne a sa yaro ya karanta ya rubuta, madugu ma yana da malaminsa. Amma adireshin ya kasance da sunan kasuwancin, a ɗaure shi da lambar salular mai gida, a kunna tabbaci na biyu, wato lambar da ke zuwa a salula kafin a shiga, a kuma sauya kalmar sirri duk ranar da wani ya bar aiki.

Haka zancen yake a ma'aikatun gwamnati. Sau da yawa takarda ta hukuma takan fito da tambari da hatimi, amma adireshin da ke ƙasanta na Yahoo ne ko Gmail na wani ma'aikaci shi kaɗai. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Difa ko Agadas, wasiƙun shekara biyar sun bi shi, magajinsa ya tarar da kabad cike da dosiye, akwati kuwa babu. Wasiƙar aiki dukiyar ma'aikata ce. Ya kamata kowane biro ya sami adireshinsa na kansa, a riƙa miƙa shi ranar miƙa aiki kamar yadda ake miƙa hatimi da mabuɗin mota.

Muna kira ga majalisar ƴan kasuwa ta ƙasa da ƙungiyoyin ƴan taransit da na masu motoci da su shirya wa mutanensu horo na yini guda a Gaya, da hausa da dandanci, kowa da salularsa a hannu: yadda ake gane adireshin ƙarya, yadda ake liƙa takarda, yadda ake kulle akwati. Kuɗin da zai ci bai kai na kwanan mota guda a bakin duwan ba. Kafin nan, mai karatu, yau da dare ka tambayi kanka mutum nawa suka san kalmar sirrinka, gobe da safe kuma ka sauya ta.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.